Ido Ya San Kima, Amma Ludayin Alayyahu Giram Nawa Ne?

Duk wadda ta taɓa dafa alayyahu ta san halinsa a cikin tukunya. A gyara ganye cike da roba har yana zuba, a tura shi cikin ruwan zafi, kafin a juya sau biyu ya lafe ya koma ɗan abin da bai cika kwanon sha ba. Rama ma haka take, yakuwa haka, zogale da tafasa kowanne da gwargwadon lafawarsa. Babu mai mamakin wannan a gidajenmu. To amma a tambayi mai girkin, ko maigidan da ya yi cefanen, ko ɗansu da ke aji shida yana shirin jarrabawa: ludayi ɗaya na wannan dafaffen ganye giram nawa ne? Nan za a yi shiru. Wani ma dariya zai yi, ya ce malam ya rasa abin faɗa.

Ni kuwa ina ganin tambaya ce babba. Ra'ayina shi ne, yaron da ya yi shekara shida a makaranta ya kamata ya iya amsa ta da hannunsa, a madafar uwarsa, da ludayin gidansu. Idan bai iya ba, darasin awo da muka ba shi ya tsaya a kan allo, bai bi shi gida ba.

Harshen awo biyu muke yi a nan Matamaye, kuma ba sa jin juna. A kasuwa da gida muna da tiya, da kwano, da gwangwani, da kofin shayi, da ludayi, da cokali. Ganye kuwa kashi-kashi ake kasa shi, ko a ƙulle shi dami-dami, dafaffen zogale kuma a dunƙula shi curi-curi. Duk waɗannan wurin da abu ya cika suke aunawa. A makaranta da gidan likita da takardun da ake mannawa a bango, wani harshen ne daban, na kilo da giram, wato nauyi. Uwa ta ƙware a na farko, ma'aikacin lafiya ya ƙware a na biyu. Tafintan da ya kamata ya tsaya tsakaninsu shi ne ɗan makaranta, amma ba mu shirya shi don wannan aiki ba.

Ga inda abin ke ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa babban mutum ya samu aƙalla giram 400 na kayan lambu da ƴaƴan itace a kowace rana, ban da dankali da rogo. A shekarar 2023 ta fayyace rabon yara: giram 250 ga mai shekara 2 zuwa 5, giram 350 ga mai shekara 6 zuwa 9, daga shekara 10 zuwa sama kuma 400. Shawara ce mai kyau. Sai dai matar da ta ji ta a rediyo ko a wurin awon yara ba ta da sikeli, ba ta kuma taɓa riƙe abu a hannu an ce mata wannan shi ne giram 250 ba. Za ta koma gida ta dubi robar ganyen da ta cika taf, zuciyarta ta ce mata ai ko kilo nawa ake nema an samu. Idonta bai yi ƙarya ba, roba ta cika. Amma da me ta cika?

Yawancinta iska ce. Ɗanyen ganye ba ya kwanciya kan ɗan'uwansa, kowanne ya miƙe ya bar sarari a tsakani. Zafi ne ke karya ƙarfin ganyen, ya yi laushi, ya manne da juna, sararin ya tafi. Hukumar aikin gona ta Amurka ta auna wannan da kofinsu, wanda ke cin kusan mililita 240, wato ƙasa kaɗan da kwatan lita. Kofi ɗaya na ɗanyen alayyahu giram 28 ne. Kofin nan dai, idan aka cika shi da dafaffen alayyahu da aka tsane wa ruwa, giram 132 ne. Alayyahun Turawa, wanda wani tsiro ne daban da namu, ya ma fi haka lafewa: giram 30 ɗanye, giram 180 dafaffe. Kofi bai canja ba, ganye bai canja ba, amma nauyi ya ninka kusan sau biyar a namu, sau shida a nasu. Idan muka juya lissafin, kilo ɗaya na gyararren ɗanyen alayyahu zai cika wurin da ya fi lita 8, in an dafa shi kuwa da ƙyar ya kai lita 2.

Wani zai ce to shi ke nan, a rubuta 132 a allo yara su haddace. Da haka ne da na huta. Matsalar ita ce wannan adadi na kofin Amurka ne da tsanewar Amurka. Ludayin duma na gidanmu ba ɗaya yake da na maƙwabtanmu ba, balle na ƙarfe ko na roba. Sannan akwai matsa. Mai yin kwaɗo takan matse ganyen da hannu biyu har ruwan ya ƙare, mai miya kuwa tana barin sa da ruwansa. Curin da aka matse ya fi ƙanƙanta a ido, ya kuma fi sauƙi a sikeli fiye da yadda yake kafin matsa, alhali ganyen da ke ciki bai ragu da ko ɗaya ba. Akwai wadda ke tsinke ganye zalla, akwai wadda ke haɗawa da kara mai laushi. Akwai kuma busasshen ganye, wanda shi ne abincinmu idan rani ya yi nisa: kilo ɗaya na ɗanyen zogale ba ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa idan ya bushe, in aka jiƙa shi kuma ya sake shan ruwa ya kumbura. Saboda haka babu littafin da zai ba ka amsar ludayin gidanku. Sai ka auna.

Kada a ɗauka sauya mudu zuwa nauyi baƙon abu ne a wurinmu. Ɗan kasuwar hatsi ya san tiyar gero kusan kilo biyu da rabi ce, ya san tiya arba'in ke yin buhun kilo 100. Malamanmu na addini ma sun sha wannan lissafi a kan zakkar fid da kai, domin sa'i awon cika ne, mudu huɗu, kuma da mutane suka fara sayen shinkafa da masara a kilo sai aka bukaci a faɗa musu nauyinsa, aka kuma lura cewa ya danganta da irin ƙwayar. Amma hatsi mai sauƙin kai ne. Tiyar gero ta yau ita ce ta gobe, sai fa in an buge mata gindi ko an rage mata tozo. Ganye shi ne mai fuska uku, ɗanye da dafaffe da busasshe, kuma shi ne ba wanda ya tsaya ya yi masa lissafi, wataƙila don araha yake, wataƙila don an bar shi a matsayin sha'anin mata.

Mu ɗauki gida mai mutum goma. A ce uwargida ta sayo alayyahu, bayan ta gyara ya cika roba mai cin lita huɗu. Da adadin da na kawo a sama, abin da ke cikin robar bai wuce rabin kilo ba. A raba wa mutum goma, kowa ya tashi da giram 50, in an yi rabon adalci ke nan. Kuma mun san yadda ake ci a kwano ɗaya: mai dogon hannu da saurin loma shi ke kwashe ganyen, ɗan shekara uku ya ƙare da tuwo da romon miya. Ga gida an ci miyar ganye, kowa ya shaida, amma wanda ya fi kowa bukata bai samu ko cokali biyu ba. Tumatir da albasa da kuɓewa da kabewar da ke cikin miyar suna shiga lissafi, haka mangwaro da gwaba a lokacinsu. Duk da haka tazarar da ke tsakanin abin da ido ya gani a roba da abin da ya shiga cikin yaro tana da faɗi.

Mu mutanen jihar Damagaram ba sai an ba mu labarin tamowa ba. Wanda ya ga shekarar 2005 bai manta layin mata da goyo a ƙofar cibiyoyin kula da yara ba, kuma har yau duk lokacin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi, layin yana dawowa. Ku duba wani abu. Idan yaro ya riga ya faɗa cikin tamowa, komai nasa da awo ake yi. A rataye shi a sikeli, a auna damtsensa da tsayinsa, a ba shi ledar abincin nan mai gyaɗa, Plumpy'Nut, wadda kowace ɗaya giram 92 ce daidai, a faɗa wa uwa leda nawa zai sha a rana gwargwadon nauyinsa. Magani da giram, rigakafi kuwa da ƙiyasi. Ba na cewa ganye kaɗai zai kori tamowa. Yaro na bukatar wake da gyaɗa da nono da ƙwai da mai, da ruwa mai tsabta, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Amma ganye shi ne abin da ke kusa da hannun talaka, a bayan ɗaki yake tsirowa da damina, lambunan da ke kewaye da garin nan kuma suna ba mu shi da sanyi. Abin da ke hannunka shi ya fi cancanta ka san gwargwadonsa.

Yanzu mu leƙa aji. Awon nauyi yana cikin tsarin karatun firamare, ba wanda ya cire shi. Muna zana jadawali a allo, kilogiram, hektogiram, dekagiram, giram, yara su yi ta matsar da waƙafi dama da hagu. A littafi akwai hoton sikelin nan mai faranti biyu da duwatsun awonsa a jere. Yawancin yaranmu a hoto kawai suka san shi. Sai ka samu yarinya mai ƙoƙari tana mayar da kilo 3 zuwa dekagiram 300 cikin ƙiftawar ido, amma ka ɗora mata albasa a tafin hannu ka ce ta kimanta, ta ce kilo biyu. Dekagiram ba ta taɓa jin sa a bakin kowa a kasuwa ba, kuma ba za ta ji ba har ta tsufa.

Abin mamaki, su waɗanda suka ƙirƙiro wannan awo a Faransa a shekarar 1795 daga abu mafi kusa da kowa suka tashe shi, wato ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wannan ita ce gadar farko tsakanin cika da nauyi, kuma duk gidan da ke da randa yana da ita. A makarantar horon malamai an nanata mana cewa darasi daga abin da yaro ya sani yake tashi ya nufi abin da bai sani ba. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, bisa wannan tunani. Koyarwa da harshen gida ba ta tsaya ga fassara kalmomi ba. Ludayi da tiya da curi su ma harshen gida ne, kuma suna da haƙƙin shiga darasin lissafi.

Ga yadda nake yi da ƴan ajina, kuma ba ya cin kuɗin da ya wuce na ganye. Mukan samu sanda miƙaƙƙiya mu ɗaure mata igiya a tsakiya, mu rataya robobi biyu masu girma ɗaya a bakinta biyu, mu gyara har ta tsaya daidai. Sikeli ya samu. Dutsen awonmu na farko ledar ruwan sha ce wadda aka rubuta rabin lita a jikinta, wato kusan giram 500. Sai mu zuba yashi a ɗaya robar har ya yi daidai da ruwan. Mu raba yashin nan biyu a kan sikelin har ɓangarorin su daidaita, mun samu 250. Mu sake raba ɗaya, mun samu 125. Mu ƙulle kowanne a leda mu rubuta masa nauyinsa. Kafin a taɓa ganye, kowane yaro sai ya ɗauki ƙullin nan a hannu ya rufe ido, ya ji yadda giram 125 yake, ya ji yadda 500 yake.

Daga nan in raba su rukuni uku, kowane rukuni ya gyara alayyahu ya auna rabin kilo. Maza ma sai sun tsinki ganye, ba na ɗaga wa kowa ƙafa. A nan ake fara ihu, domin ba wanda ya zaci sai an tula ganye haka kafin ya ɗaga ledar ruwa guda. Ɗaya daga cikin iyaye mata na ƙungiyar makaranta takan zo da tukunya ta dafa mana. In an tsane, kowane rukuni ya ƙirga ludayi nawa ya samu da ludayin da ya zo da shi daga gida. A karon baya wani rukuni huɗu ya samu, wani biyar, wani uku da ɗan ɗori. Suka fara gardama, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya yi kuskure. Na bar su suka yi ta yi, har wata yarinya ta ɗauko ludayan uku ta cika su da ruwa ta juye a kofi ɗaya bayan ɗaya. Gani ya kori ji.

Ƙa'idar da suke tafiya da ita gida gajeriya ce. A auna ganye yana ɗanye, bayan an gyara, kafin a wanke, don ruwan wanki yana ƙara nauyi. A dafa yadda aka saba. A ƙirga ludayi. A raba nauyin ɗanyen da yawan ludayin. Idan rabin kilo ya ba da ludayi huɗu, kowane ludayi a gidan nan yana wakiltar giram 125 na ganye, ko an matse ko ba a matse ba, muddin dai hannu ɗaya ne da ludayi ɗaya. Sau ɗaya ake yi wa kowane irin ganye, a rubuta a bayan littafi ko a jikin bango. Daga ranar uwa ba ta sake bukatar sikeli. An fassara mata giram zuwa ludayinta.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini. Na farko, iyayenmu da kakanninmu sun yi girki shekara da shekaru ba sikeli, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, kuma ba ni da niyyar koya wa uwata yawan daddawar da za ta sa a miya. A sha'anin ɗanɗano hannunta ya fi kowane sikeli. Amma ido kimar abin da ya saba da shi yake sani. Kakanninmu ba a ba su umarni da giram ba. Yau likita yana ce wa mai hawan jini kada gishirinsa ya kai giram 5 a rana, yana ƙayyade wa mai ciwon sukari abincinsa, yana ce wa uwa ta narka ledar gishiri da sukari ta maganin zawo a cikin lita ɗaya ta ruwa, ba ƙari ba ragi. Wanda bai san kwanon da ke cin lita ɗaya a gidansa ba yana iya cutar da yaron da yake son ceto. Idon ne nake so a horar, ya san sabuwar kima kamar yadda ya san tsohuwa.

Na biyu, ana cewa matsalarmu rashi ce, awo ba ya cika tukunya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba zan raina shi ba. Sai dai a gidan rashi ne rabo ya fi bukatar lissafi. Uwar da ta san ludayi huɗu kawai tukunyarta ta bayar, ita ce za ta ɗebe na ƙaramin yaro a kwanonsa daban kafin a kai wa manya. Mai sayen curin zogale da ya san abin da ke cikin curi, shi ne zai gane ranar da curin ya rame kuɗinsa bai rame ba. Haka mai dafa abincin ɗalibai a makarantun da ke da kantin: hatsi da mai da wake a kilo suke zuwa mata, ganyen da za ta ƙara kuwa a roba, kuma ɗalibi ɗari ba a yi musu miya da ƙiyasin gida.

Na uku, ƴan'uwana malamai suna cewa lokaci ba ya isa, aji ya cika, ga jarrabawa a gaba. Ni ma a cikin wannan ajin nake. Amma ba sabon darasi na kawo ba. Awon nauyi ne, da awon cika, da rabawa, da ƙa'idar uku, duk suna cikin abin da aka ce mu koyar. Safiya ɗaya ce. Kuma abin da na gani shi ne, yaron da ya raba yashi da hannunsa ya samu 125 ba ya sake ruɗewa a kan rabin rabin rabi.

Masu shakkar ko iyaye mata da ba su yi boko ba za su iya, su dubi Mirriya, nan kusa da mu. A can ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da ɗan zaren awon nan mai launi uku, wanda jansa ke nuna damtse bai kai milimita 115 ba. Da farko aikin ma'aikatan lafiya ne kaɗai. Da aka miƙa wa uwaye, suka iya, kuma dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Matar da ta iya karanta milimita a hannun ɗanta ba za ta kasa ƙirga ludayi ba. Abin da ta rasa shi ne wanda zai ɗaure mata giram da ludayin sau ɗaya.

Saboda haka ina kira ga malamai, musamman masu aji huɗu zuwa shida: kafin ku zana jadawalin nan a bana, ku rataya sanda. Ina kira ga masu horar da malamai da masu duba makarantu su nemi ganin sikelin da ɗalibai suka haɗa kamar yadda suke neman ganin littafin shirya darasi. Kwamitocin kula da makarantu, kuɗin ganyen safiya ɗaya bai fi ƙarfinku ba. Iyaye mata, idan yaro ya zo da sanda da ƙullin yashi ya ce zai auna alayyahu, kada a kore shi a ce yana ɓata wa mutane lokaci, aikin makaranta yake yi, kuma ku zai amfana. A bar shi ya ƙirga, a kuma rage tafasa ganye har ya yi baƙi, a rage kanwa, domin dogon dahuwa da kanwa da zubar da ruwan suna tafiya da wani ɓangare na amfaninsa, abin da sikeli ba zai nuna ba.

Iyaye maza kuma, ku da ke ba da kuɗin cefane, ku ne kuka fi bukatar jin sakamakon. Ranar da ɗanka ya ce maka, "Baba, ganyen da aka sayo yau ludayi huɗu ya bayar, mu kuma mu goma ne," kada ka ce ya cika surutu. Ka ƙara kashi biyu gobe in da hali. In babu, ka dasa zogale a bayan ɗaki kafin ruwa ya ɗauke. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, Ya sa abin da suke koyo ya amfane su tun daga gida.